RIGAR DA TAKE MAGANA: WA ZAI ƊAUKI ALHAKINTA?

 A wannan fitowa ina so mu yi tunani tare a kan wani al'amari wanda mutane da yawa suke ganin bai kai a ɓata masa tawada ba, wato rubuce-rubucen da ake bugawa a jikin tufafi, musamman irin waɗanda suke ɗauke da zagi, ko batsa, ko wulaƙanta mata. Duk mai shiga kasuwa ko tashar mota, da duk mai tsayawa a ƙofar makaranta lokacin tashi, ya san abin da nake nufi. Samari da 'yan mata, har da yara ƙanana waɗanda ba su iya haɗa baƙi ba tukuna, suna yawo da manyan haruffa a ƙirji da gadon baya. Waɗansu rubuce-rubucen ba su da wani aibi, sunan ƙungiyar ƙwallo ne, ko na gari, ko na kamfani. Waɗansu kuwa, da a ce mutum zai buɗe baki ya furta su a gaban mahaifiyarsa, da sai an tara masa dangi. Abin baƙin ciki ma shi ne, irin waɗannan riguna sukan biyo mu har cikin ɗakin sujada ran Lahadi, su durƙusa tare da mu, su matso gaban bagade.

Tambayar da ke gabanmu ita ce: idan riga ta zagi mutum, wa ya yi zagin? Wanda ya buga rubutun zai ce shi ɗan kasuwa ne kawai. Wanda ya sayar zai ce haka ya same ta a cikin dila. Wanda ya sa zai ce wasa ne, ko kuwa bai san ma'anar ba. Kowa ya wanke hannunsa, amma zagin yana nan yana yawo a gari. Abin da nake so in nuna shi ne, rubutun da ke jikin rigar mutum maganarsa ce, zai kuwa amsa tambaya a kanta kamar yadda zai amsa a kan abin da ya fito daga bakinsa.

SUTURA DA MA'ANARTA

Bari mu fara daga kalmar da Bahaushe ya zaɓa wa tufafi. Yakan ce da su sutura, asalin kalmar kuwa rufewa ne. Wanda ya ba ka riga ya suturta ka. Wanda ya rasu ma akan ce a yi masa sutura, gama ko gawa tana da mutuncin da ba a yarda a bar shi a fili ba. Addu'ar da ta fi yawa a bakin tsofaffinmu, Kirista da Musulmi, ita ce Allah ya rufa mana asiri. A Littafin Farawa an ba mu labari cewa bayan Adamu da Hawwa'u sun yi zunubi, kunya ta kama su saboda tsiraicinsu, Allah da kansa ne ya yi musu tufafi na fata kafin su bar gonar. Mu lura da wannan da kyau. Hukunci ya riga ya sauka, amma Allah bai yarda su fita a wulaƙance ba. Ashe tufafin da ya fara ba ɗan Adam kyautar jinƙai ce, aikinsu kuwa shi ne tsare mutuncin mutum, ko da mai laifi ne.

Tun kafin a fara buga haruffa a jikin yadi, tufafi suna magana. Rawani da alkyabba suna faɗin sarauta. Anko ranar biki yana cewa mu dangi ne ko aminai. Sa'ad da firist ya fito da shunayya, kowa ya san lokacin Azumi ya zo, ko kuwa na jiran haihuwar Mai Ceto. Zanen Zumuntar Mata yana gaya wa gari duka cewa wannan mace 'yar Ikkilisiya ce, shi ya sa uwayenmu ba sa yarda su shiga wurin da bai dace ba da shi a jikinsu. Abin da rubutu ya ƙara shi ne ya buɗe wa riga baki, ta koma faɗin magana dalla-dalla. To, idan aka ɗauki abin da aka yi domin rufe tsiraici, aka buga masa kalmomin da suke tuɓe wa wani mutuncinsa, sutura ta koma kishiyar kanta ke nan. Ta rufe jikin mai ita, ta tsiraita wanda bai ji ba bai gani ba.

ABIN DA AKE RUBUTAWA

Yawancin waɗannan riguna a ƙasashen waje ake shirya su, saboda haka ya kamata mu leƙa can mu ga irin abin da ake rubutawa, da kuma yadda mutanen can suka ɗauke shi.

A shekarar 2005 wani babban kamfanin tufafi na Amurka, Abercrombie & Fitch, ya fitar da rigar 'yan mata mai rubutu daidai kan ƙirji, wanda ma'anarsa ita ce mace mai irin wannan ƙirji ba ta bukatar ƙwaƙwalwa. Waɗansu 'yan mata 'yan makaranta a jihar Fensilbaniya suka haɗa kai suka yi kira ga jama'a da a daina saye, har kamfanin ya janye rigar a watan Nuwamba na wannan shekara. A watan Agusta na 2011 kantin JCPenney, shi ma a Amurka, ya janye wata riga ta yara mata wadda aka sa yarinya tana cewa kyaunta ya wuce ta yi aikin makaranta, don haka ɗan'uwanta ne zai yi mata. Wata guda bayan haka, kantin Topman na Ingila ya janye riguna biyu na maza. Ɗaya tana tambayar saurayi ko sabuwar budurwarsa wane iri ce, kamar yadda ake tambayar irin kare ko na doki. Ɗayar kuwa ta jera uzurorin da mai dukan mace yakan kawo: ke kika tsokane ni, na sha giya ne, ban yi da gangan ba. A watan Maris na 2015 wani kamfani a ƙasar Indonesiya, Salvo Sports, ya nemi gafara domin a 'yar takardar da ake ɗinkawa cikin rigar 'yan ƙwallo, inda ake bayanin yadda za a wanke ta, ya rubuta cewa a miƙa wa mace, aikinta ne. Ba mata kaɗai ake taɓawa ba. A watan Janairu na 2018 kamfanin H&M ya yi tallar wata rigar sanyi a jikin wani yaro baƙar fata, rubutun kuwa yana kiran mai rigar birin da ya fi kowane burgewa a daji. Mutane suka fusata, har aka yi zanga-zanga a kantunan kamfanin a Afirka ta Kudu.

Abu biyu za mu koya a nan. Na fari, a ko'ina aka yi wannan, mutanen da suka iya karanta rubutun sun gane shi a kan cin mutunci, ba su ce ai riga ce kawai ba. Na biyu, kamfanonin ba su janye kayansu ba sai da talakawa, har da yara 'yan makaranta, suka buɗe baki.

Mu kuwa ta hanyar gwanjo irin waɗannan kaya suka fi iso mana. Abin da wani ya gaji da shi a Turai ko Amurka, ko wanda kanti ya kasa sayarwa, akan ɗaure shi cikin dila, ya ƙetaro teku, a kwance shi a Kasuwar Barci ta Kaduna, ko Ƙofar Wambai ta Kano, ko Katako ta Jos, daga can kuma ya bi kasuwannin ƙauye. Gwanjo ya rufa wa talaka asiri ƙwarai, ba wanda zai musa wannan. Amma dila ba ta tace magana, mai kyau da mummuna tare take ɗauro su. Yanzu kuma ga masu buga rubutu a riga sun yawaita a biranenmu, kowa yana iya biyan kuɗi kaɗan a buga masa abin da ya ga dama, da Turanci ko da Hausa.

RUBUTU MAGANA NE

Wani zai ce, ai ni ban ce kome ba, bakina a rufe yake. Ko shari'ar duniya ma ba ta karɓi wannan ba. A shekarar 1968 wani saurayi a birnin Los Anjelas ya shiga harabar kotu sanye da kwat mai ɗauke da kalmar ashar, yana nuna ƙin jininsa ga dokar tilasta wa samari shiga soja a lokacin yaƙin Biyetnam. Aka yanke masa ɗaurin kwana 30. A shekarar 1971 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, bisa hujjar cewa abin da ya rubuta a rigarsa yana cikin 'yancinsa na faɗin albarkacin baki. Masu son kāre irin waɗannan riguna sukan kafa hujja da wannan shari'a. Amma mu dubi abin da kotun ta tabbatar: ta sake shi ne domin ta ɗauki rubutun rigarsa a kan maganarsa. Wanda ya ce rigarsa 'yancin bakinsa ce, ya riga ya amince cewa shi ne mai maganar. Doka tana iya faɗin abin da ba za a ɗaure mutum a kansa ba, amma lamiri yana da tasa tambayar, wato ko abin ya dace da ɗan Allah.

Har ma ina iya cewa maganar riga ta fi ta baki nauyi ta wani fanni. Mai zagi da baki yakan yi shi cikin fushi, ga mutum ɗaya, sa'an nan ya huce. Riga kuwa ba ta hucewa, ba ta gajiya, ba ta zaɓen wanda za ta gaya wa. Tun daga safe har dare tana maimaita abu ɗaya ga tsoho da yaro, ga matar aure da budurwa, ga wadda mijinta ya doke ta jiya da dare. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. To, ina ga wadda aka buga da tawadar da ko wanki ba ya fitar da ita?

Doka ta takwas cikin Dokoki Goma ta hana shaidar zur, Ikkilisiya kuwa tana koyar da cewa a ƙarƙashinta akwai hakkin kowane mutum a tsare masa sunansa da darajarsa. Rigar da take cewa mata ba su da hankali, ko ba su da amana, ko kuɗi kawai suka sani, shaidar zur ce a kan rabin 'yan Adam, cikinsu har da matar da ta haifi mai rigar.

UZURI NA FARKO: “AI WASA NE”

Ikkilisiya ba ta gaba da dariya. Waliyi Toma Akwinas, babban malamin nan da ya rasu a shekarar 1274, ya koyar da cewa kamar yadda jiki yake bukatar hutu, haka rai ma yake bukatarsa, wasa da raha kuwa su ne hutun rai. Har ya ɗauki rashin fara'a sam a kan naƙasa ce a halin mutum. Amma ya sa wa wasa iyaka: kada ya zama na batsa, kada ya cuci wani, ya kuma dace da mutum da wuri da lokaci. Ba'a kuwa, wadda nufinta kunyata mutum ne, ya lissafta ta cikin zunubai.

Mu ma a al'adarmu mun san wasa fiye da yadda ake tsammani. Akwai wasan Fulani da Barebari, akwai na Kanawa da Zage-zagi, akwai na jika da kaka, akwai na taubasai. A cikinsu akan faɗi magana mai zafi, amma ba wanda yake riƙe ta a zuciya. Me ya sa? Domin su biyun sun san juna, sun amince da wasan tun kaka da kakanni, suna fuskantar juna ido da ido, kowa kuma yana da damar ramawa. In ɗaya ya ga fuskar ɗan'uwansa ta canza, sai ya ja da baya. Wasan yana ƙara zumunci ne, har in faɗa ya tashi, abokin wasa ne yakan shiga tsakani.

Mu gwada wasan riga da wannan ma'auni. Macen da ta karanta zagin a cikin mota ba ta san mai rigar ba, ba wanda ya nemi yardarta, ba ta da hanyar ramawa, rigar kuma ba ta da idon da za ta ga fuskarta ta canza. Mutum ɗaya ne yake dariya, ɗayan kuwa shi ne abin dariyar. Wannan ya fita daga wasa, ya shiga ba'a. Haɗarin da ke ciki kuma shi ne, abin da aka saba yi wa dariya yakan daina ba da tsoro. Yaron da ya tashi yana ganin dukan mace a kan abin raha a ƙirjin yayyensa, ranar da ya ɗaga hannu a kan matarsa ba zai ji ya yi wani babban abu ba.

UZURI NA BIYU: “BAN SAN MA'ANARSA BA”

Wannan uzuri yana da ƙarfi, dole ne mu yi masa adalci. Akwai tsohuwa a ƙauye wadda ta sayo wa jikanta riga domin taushinta da araharta, ba ta kuwa taɓa shiga aji ba. Akwai manomi da ya sa rigar da ɗansa ya aiko masa daga birni. Waɗannan ba su yi zunubi ba, gama zunubi sai da sani da yardar zuciya. Wanda ya yi musu dariya ma ya fi su laifi nesa ba kusa ba. Akwai kuma kalmomin Turanci masu harshen damo, waɗanda ko mai takardar sakandare ba lalle ne ya gane batsar da aka ɓoye a ciki ba.

Amma koyarwar Ikkilisiya, kamar yadda take a Katekizim ɗin da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a shekarar 1992, ta bambanta rashin sani iri biyu. Akwai wanda mutum ba shi da hanyar kawar da shi, wannan yana ɗauke laifi. Akwai kuma wanda mutum ya zauna a cikinsa domin bai damu ya bincika ba, wannan kuwa ba ya wanke mai shi. Ɗalibin da yake da wayar da za ta fassara masa kalma cikin ƙiftawar ido, ga malami a makaranta, ga katikis a maƙwabta, ba zai ce ba shi da wanda zai tambaya ba. Ba wanda yake sa hannu a takardar filin da bai karanta ba, ba kuma wanda yake shan maganin da bai san sunansa ba. Yaya mutum zai ba da ƙirjinsa aro ga maganar da bai san abin da take cewa ba? Matambayi ba ya ɓata. Daga ranar da aka gaya wa mutum ma'anar rubutun kuwa, uzurin ya ƙare, abin da ya rage zaɓi ne.

Nauyi a nan ya fi sauka a kan mu da Allah ya ba ilimi. Idan ka iya karatu, ka ga ɗan'uwanka yana ɗauke da abin kunya bai sani ba, ka yi shiru ko ka ƙyalƙyale da dariya a bayansa, alhakin ya dawo kanka.

UZURI NA UKU: “KASUWA CE”

Labarin da ya fi kowanne ba da tsoro a wannan fanni ya faru a watan Maris na 2013. Aka ga wani kamfani mai suna Solid Gold Bomb yana tallar riguna a kasuwar intanet ta Amazon a Ingila. Ya ɗauki wani tsohon kirari da gwamnatin Ingila ta shirya a shekarar 1939 domin kwantar wa jama'a hankali a bakin yaƙi, ya sauya masa ƙarshe. A wata rigar an ce mutum ya kwantar da hankalinsa ya doke ta, a wata kuma an ce ya kwantar da hankalinsa ya yi ta fyaɗe. Da jama'a suka yi ca, mai kamfanin ya nemi gafara, ya ce ba mutum ne ya zauna ya rubuta waɗannan kalmomi ba. Kwamfuta ce aka ba jerin kalmomi, aka umarce ta ta yi ta haɗa su, tana fitar da samfuri dubbai, ba tare da wani ya duba abin da ta haɗa ba. Cikin 'yan watanni kamfanin ya rufe.

Ga tambaya mai zurfi: idan inji ne ya rubuta, wa ya yi zunubi? Inji ba shi da lamiri, ba ya tuba, ba ya zuwa gaban shari'ar Allah. Amma mutum ne ya zuba masa kalmomin, mutum ne ya yanke shawara cewa ba sai an duba ba domin dubawa tana cin lokaci da kuɗi, mutum ne kuma ya buɗe aljihu yana jiran riba. Wanda ya saki akuyarsa ta shiga gonar maƙwabci ba ya cewa a kama akuya. Wannan darasi ya fi muhimmanci a yau, da injuna suke ƙara ƙwarewa wajen rubutu da zane. Duk wayon da na'ura ta yi, alhaki yana wuyan wanda ya sake ta.

Haka abin yake ga ɗan gwanjo da mai buga rubutu a unguwa. Laifinsu bai kai na wanda ya ƙago maganar ba, neman abinci kuma ba wasa ba ne. Duk da haka, taimaka wa mugunta da sani yana da nasa rabon zunubi. Mai saye kuwa kada ya manta cewa kuɗinsa ƙuri'a ce. Abin da ba a saya, ba a sake bugawa.

DON ME MATA?

Ba a banza ba ne yawancin wannan ba'a take faɗawa kan mata. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto cewa kimanin mace 1 cikin kowace 3 a duniya, wato wajen miliyan 736, ta taɓa shan duka ko cin zarafi na lalata a rayuwarta. A Nijeriya an kafa dokar hana cin zarafin mutane a shekarar 2015, wadda ta haɗa har da cin zarafi da baki, jihohi da dama kuma sun karɓe ta daga baya. Saboda haka duk inda mai irin wannan riga ya shiga, da wuya a rasa macen da rubutun yake fama mata tsohon miki.

A wasiƙarsa ta 15 ga Agusta 1988 a kan martabar mace, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya nuna cewa namiji da mace daidai suke cikin kamannin Allah, danniyar da namiji yake yi wa mace kuwa ɗiyar zunubi ce, ba ta cikin shirin Mahalicci. Ya kuma nuna cewa namijin da ya taka darajar mace, tasa darajar ma ya rage. Wannan gaskiya ce da kowa zai iya gani a titi. Saurayin da yake yawo da zagin mata a ƙirjinsa, labarin tarbiyyarsa yake ba jama'a.

A nan akwai wani rashin adalci da ya kamata a faɗa. A gidaje da makarantu da wuraren sujada, akan yi ta faɗa a kan tsawon siket ɗin yarinya da ɗankwalinta, amma yaro ya wuce da batsa a gadon bayansa ba mai tanka masa. Kamun kai a sutura wajibi ne ga kowa, namiji da mace. Ku kuma 'ya'yana mata, idan rigar da take cewa jikinku ya fi hankalinku daraja ta burge ku, ku tambayi kanku wanda ya rubuta ta da abin da yake so ku zama. Wanda ya sa wa kansa farashi mai araha, kada ya yi mamaki in an taya shi a wulaƙance.

A Bisharar Yohanna, sura ta 8, an kawo wa Yesu wata mace aka tsai da ita a tsakiyar taro domin a kunyata ta, namijin da suka yi laifin tare kuwa ba a kawo shi ba. A nan ne kaɗai Bishara ta nuna mana Ubangiji yana rubutu. A ƙasa ya yi shi, da yatsa, inda iska za ta share, ba a kuwa adana mana ko kalma ɗaya daga ciki ba. Masu ƙararta suka watse, ita kuwa ta tafi da ranta da mutuncinta, tare da gargaɗin ta bar zunubi. Mai bin wannan Ubangiji ba zai buga kunyar mace da tawada ya rataya a wuyansa ba.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

Iyaye, ku karanta rigar kafin ku biya kuɗin. In ba ku iya ba, ku ba wanda ya iya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya ga mahaifinsa ya mayar da riga mai kyau saboda mummunar kalma ɗaya, ya sami darasin da ba zai manta ba.

Matasa, ku buɗe akwatunanku a wannan mako ku duba abin da kuke gaya wa duniya. Ma'aunin mai sauƙi ne: in ba za ka iya tsayawa gaban mahaifiyarka ka fassara mata rubutun da harshen gida ba, rigar ba taka ba ce. Kada kuma ka ba wani kyautarta, gama wannan sauya wa zagi masauki ne kawai. A rina ta, ko a yanke wurin, ko a mai da ita tsumma.

'Yan kasuwa da masu buga rubutu, ku ware irin waɗannan kaya, ku ƙi irin wannan aiki, ko da za ku rasa ribar yini. Ƙungiyoyinmu na matasa da na mawaƙa da na Zumunta, waɗanda suke buga riguna a kowane taro, su zama abin koyi wajen zaɓen kalmomi masu gina mutum.

Masu tsaron ƙofar majami'a da dattawan Ikkilisiya, ku yi gyara da hikima. Kada a kori talaka daga sujada, ko a tsai da shi gaban jama'a saboda riga, wataƙila ita kaɗai gare shi. A ja shi gefe, a yi masa bayani cikin ladabi, in da hali a ba shi wata. Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa, kuma ba daidai ba ne a zubar da na wani garin tsare na wani.

A ƙarshe, 'yan'uwana, mu tuna da riguna biyu. Ta farko ita ce wadda sojoji suka yafa wa Ubangijinmu a ranar shan wuyarsa, domin su yi masa ba'a su yi dariya. Su ma a ganinsu wasa suke yi. Ta biyu ita ce farar tufar da aka sa wa kowannenmu a ranar baftismarsa, alamar cewa ya yafa Almasihu, aka kuma gargaɗe shi ya kai ta gaban Allah ba tare da tabo ba. Duk rigar da muka sa tun daga wannan rana, a bisa waccan farar muke ɗora ta.

Allah ya tsare bakunanmu da tufafinmu daga cin mutuncin bayinsa, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Uwarmu Budurwa Maryamu ta yi roƙo dominmu. Amin.